Jego babu jariri: kwana arba'in bayan aikin saukowar mahaifa

Ranar da gwaggona ta dawo daga Yamai bayan an yi mata aiki, babu wanda ya zo barka. Babu guɗa, babu mai kawo itace, babu mai kawo sabulu. Ta sauka daga mota a Bonkuku da yamma, ta shiga ɗakinta ta kwanta, duk maƙwabciyar da ta leƙo sai ta ce mata ɗan ciwon ciki ne, kuma da sauƙi.

Gwaggo ƴar kasuwa ce. Dankalin turawa da albasa take saro wa daga masu lambu na Imanan, ta kai Baleyara ranar Lahadi. Haihuwarta tara. Ta yi shekaru tana jin wani abu yana sauko mata ta ƙasa, tana mayar da shi da hannu kafin ta yi fitsari, ba ta faɗa wa kowa ba, har sai da zama bisa tabarmar kasuwa ya gagare ta. Aikin ya yi kyau. To amma an yi shi a tsakiyar lokacin haƙar dankali, lokacin da ƴar kasuwa ke samun abin da za ta ci shekara da shi. Kwana goma sha biyu ta koma rijiya. Kwana goma sha tara ta kama bakin buhu za ta taya yaron mota ɗorawa. A daren nan jini ya ɓalle mata, muka kwashe ta zuwa gidan likita. Allah ya taƙaita, ɗinki ne ya saki a wuri ɗaya, amma sai da ta yi wata uku ba ta taka kasuwa ba.

Da na ce mata: "Gwaggo, me ya kai ki?" sai ta ce: "Ɗiyata, mai jego ake yi wa aiki. Ni wa na haifa da zan kwanta a yi mini daka?"

Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami. A shirin da nake gabatarwa a rediyo, mata kan kira su yi tambaya a kan wannan ciwo, kusan kullum da sunan "wata ƙawata". To yau da ke da ƙawar taki nake.

Mene ne saukowar mahaifa?

Ki dubi ragayar da ke rataye a ɗakinki, wadda kike ɗora ƙwarya a kai. A ƙasan marar kowace mace akwai nama da jijiyoyi da suke aiki irin na ragaya. Abubuwa uku suke ɗauke da su: mafitsara daga gaba, mahaifa a tsakiya, ƙarshen hanji daga baya. Idan igiyoyin ragayar nan suka saki, ɗaya daga cikin ukun, ko duka, sai ya zazzago ya danno cikin farji. Likitoci sun kasa abin mataki huɗu, daga wanda ya ɗan sauko mace ba ta ma sani ba, har zuwa wanda ya fito waje gaba ɗaya.

Abubuwan da ke sassauta ragayar sanannu ne: haihuwa da yawa kusa da kusa, doguwar naƙuda, yunƙuri kafin mahaifa ta buɗe, danna ciki don a turo jariri, ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru, tari mai daɗewa, taurin bayan gida, ƙiba, da kuma girma, musamman bayan al'ada ta ɗauke. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7,6 a tsakaici, na shekarar 2021 kuma ya nuna 6,2. Ki haɗa wannan da guga, da turmi, da itace, da tallan kasuwa, za ki gane cewa ba jifa ba ne, ba kuma aikin kishiya ba ne. Gajiya ce ta jiki.

Haka kuma ba yoyon fitsari ba ne. Yoyon fitsari huda ce tsakanin mafitsara da farji, wadda doguwar naƙuda ke haddasawa. Mai saukowar mahaifa ma fitsari na iya kufce mata in ta yi tari ko dariya, amma ciwon daban, aikinsa ma daban. Abu guda da ya kamata a ji da kyau: abin da ya fito ɗin nan ba tsiro ba ne da za a yanke. Jikin mace ne. Kada a yarda wanzami ko wata tsohuwa ta kai masa aska.

Irin aikin da ake yi

Hanya tana farawa daga CSI mafi kusa, inda sajfam za ta duba. Daga nan a tura mace asibitin gunduma na Filinge, in abin ya fi ƙarfin nan a ba ta takarda zuwa Yamai, inda babban gidan haihuwa na Isaka Gazobi yake. Ba kowace ce ake yi wa aiki ba. Wadda nata bai yi nisa ba ana iya koya mata motsa naman ƙasa, ko a sa mata wani zoben roba da ke tallafe mahaifa daga ciki, wanda ake cirewa a wanke lokaci zuwa lokaci.

In ta kai ga aiki, yawanci ta ƙasa ake bi, ba a tsaga ciki ba, bayan an yi allurar baya da ke kashe rabin jiki. Wata za a ɗinke mata bangon gaba da ya saki, wata na baya, wata a ɗaure mahaifar sama a bar mata ita, wata kuma a cire mahaifar ɗungurungum. Don haka kafin ki sa hannu, ki yi tambayoyi uku, kada kunya ta hana ki: Za a cire mahaifa ko za a bar ta? Zan iya sake haihuwa? Kwana nawa zan yi ban yi aikin ƙarfi ba? Wadda ke son ƙarin haihuwa ta faɗa tun da wuri, domin wannan yana sauya irin aikin da za a zaɓa.

Da yake ba a tsaga ciki ba, babu tabon da ido zai gani. Nan ne matsalar take. Mace ta dubi cikinta ta gan shi lafiya lau, mai gida ya gan ta tana tafiya da ƙafarta, sai kowa ya ɗauka an gama. Alhali ɗinkin yana ciki, a daidai wurin da duk wani nauyi da ta ɗauka yake sauka.

Kwanakin farko

Bayan aiki mace kan farka da robar fitsari, wani lokaci da auduga da aka cusa don tsayar da jini. Audugar ana cire ta washegari, robar kuma bayan kwana ɗaya ko ƴan kwanaki. Wata fitsarin kan ƙi fita da kyau da farko, sai a sallame ta da robar ta yi kamar mako guda. Wannan ba alamar aiki ya ɓaci ba ne.

Hutu ba ya nufin kwanciya dare da rana. Tun washegari ma'aikata za su ce ki tashi ki taka, kuma gaskiyarsu, domin doguwar kwanciya na sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Ki riƙa zagaya tsakar gida safe da yamma, kullum ki ɗan ƙara.

Ɗan jini kaɗan, ko ruwa mai launin ƙasa ko rawaya, na iya ci gaba da fita har mako huɗu zuwa shida. Zaren ɗinkin da kansa yake narkewa, kina iya ganin guntayensa a ƙyalle, kada ki firgita. Tsarki da ruwa mai tsabta daga waje ya isa. Ba a cusa komai ciki: ba matsi, ba bagaruwa, ba alif, ba turaren tsuguno, ba yatsa. Wannan jegon ba na tafasasshen ruwa da ganye ba ne, ba kuma na kunun kanwa ba.

Hanyar komawa gida ma abin lura ce. Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne. A nemi kujerar gaba, a sa matashi, in an tsaya Baleyara ta sauko ta ɗan taka. Daga bakin titi zuwa ƙauye kuwa, babur bisa hanyar burji ba abin hawan mai sabon ɗinki ba ne.

Bido, turmi da buhu

Abin da likitoci suka saba faɗi shi ne: mako shida ba a ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar. Mako shida kwana arba'in da biyu ke nan, wato arba'in ɗin da muka sani, da ɗoriyar kwana biyu. Kilo biyar kuma kamar tiya biyu ce ta hatsi. Yanzu mu auna da abin da ke tsakar gidanmu. Bido mai lita 25 in ya cika kilo 25 ne, ninki biyar na abin da aka yarda. Bokitin ruwa na lita goma ninki biyu ne. Yaro ɗan shekara biyu ya kai kilo goma ko fiye, don haka goyo ma ya shiga cikin lissafi. Jikanki in yana son jikinki, ki zauna ya hau cinya da kansa.

Ba ɗauka kaɗai ba. Duk aikin da zai sa ki riƙe numfashi ki yi yunƙuri yana danna ɗinkin: jan guga, daka, surfe, tuƙin tuwon gidan yawa, faskare, sauke tukunya daga murhu, ture amalanke, doguwar shara a duƙe. Masu lambu a cikin dallol, ɗaukar ruwan ban-ruwa da haƙar dankali su ma su jira.

Akwai wani bincike da ya kamata ku ji, domin wataƙila wani ɗan boko zai kawo muku shi. A shekarar 2023 likitocin jami'ar Duke ta Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mata sama da ɗari da aka yi wa wannan aiki. Rabi an ɗora musu dokar hana ɗaukar nauyi, rabi an ce su koma harkokinsu da zarar sun ji za su iya. Bayan wata uku ba a ga waɗanda aka sake sun fi sauran samun matsala ba. Darasin da ke ciki gaskiya ne: motsi ba ya ɓata aiki, kada mace ta mayar da kanta gawa. Sai dai harkokin matar Amurka ba su ne namu ba. Ruwanta a famfo yake cikin ɗaki, garinta a leda yake zuwa. Babu wadda aka gwada da bido bisa kai ko taɓarya a hannu. Saboda haka mu riƙe abin da likitan da ya yi aikin ya faɗa.

Bayan arba'in sai a koma a duba. In likita ya ce ɗinki ya kama, a fara da ƙananan ayyuka. Manyan kaya irin buhu a bar su sai bayan wata uku, domin naman da aka ɗinke bai gama yin ƙarfi ba kafin nan. Kuma har abada, kayan da za a iya rabawa biyu a raba, wanda za a iya ba ɗan dako a ba shi. Dala ashirin ɗin ɗan dako ta fi kuɗin motar Yamai sauƙi.

Ciki da tari

Wata matar ta kiyaye bido da turmi, amma kullum safe tana yunƙuri a makewayi kamar mai naƙuda. Wannan ma ɗaukar nauyi ne. Magungunan kashe zafi da rashin motsi suna busar da ciki, don haka tun ranar farko a kula. A sha ruwa sosai. A yawaita miyar kuɓewa, kuka, yakuwa da lalo, a ci kwaɗon zogale, wake, kabewa, gwanda, lemu da mangwaro in lokacinsa ne. A rage burodi da farar shinkafa gaya. In kwana biyu ko uku suka wuce babu bayan gida, a nemi maganin tausasa ciki a wurin ma'aikacin lafiya, ba wurin mai tallan ƙwayoyi a faranti ba.

Tari shi ma guduma ne bisa ɗinki. A nisanta mai jinya da hayaƙin murhu, ta rufe hanci lokacin hunturu da ƙura, tarin da ya wuce mako biyu kuma a kai shi likita. Mai cin taba ta ajiye.

Idan likita ya ba da izini, sai a fara motsa naman ƙasa, dabarar da wani likitan Amurka mai suna Arnold Kegel ya bayyana a shekarar 1948. Ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari da iska a cikin taro, ki ƙirga biyar, ki saki, ki ƙirga biyar. Sau goma, safe da rana da dare. Ba a riƙe numfashi, ba a kuma yin sa lokacin da ake fitsari. Kina zaune a rumfarki kina ba da canji za ki iya yi, babu wanda zai sani.

Saƙo zuwa ga masu gida

Na san ana karanta wa wasunku wannan shafi a bakin kanti. Malam, mako shida babu kusantar iyali, sai an koma likita ya duba ya ce an warke. Wanda ya ƙi haƙurin kwana arba'in zai iya jawo wa kansa jinyar wata da watanni, da kuɗin wani aikin. Ya fi kyau ka raka ta ranar sallama ka ji da kunnenka, domin mace da yawa ba za ta iya maimaita maka wannan magana ba.

Akwai kuma jita-jitar da ke kashe aure a banza, wai wadda aka cire wa mahaifa ta tashi daga mace. Ba haka ba ne. Al'ada ce za ta ɗauke, haihuwa kuma ta ƙare, amma zaman aure yana nan, sau da yawa ma ya fi na da daɗi, tun da abin da ke damunta ya kau. Wadda aka bar wa mahaifa kuma tana iya ɗaukar ciki, don haka ta nemi shawarar tazarar haihuwa kafin ta bar asibiti. In ciki ya zo daga baya, awo da haihuwa duk a asibiti, kuma ta faɗa musu an taɓa yi mata wannan aiki, domin mai yiwuwa fiɗa za a yi mata.

Game da ibada, addini bai ƙuntata ba. Marar lafiya na da sauƙin yin salla a zaune, da rama azumi daga baya. Hukuncin jinin da ke fita bayan aiki kuma a tambayi malamai, kada a yi ta zato.

Alamomin da ba a kwana da su

A koma gidan likita nan take, ba sai ranar da aka rubuta a karne ba, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: jini mai yawa da ke jiƙa ƙyalle cikin awa guda, ko mai gudaji, zazzaɓi da rawar ɗari, ruwa mai wari, ciwon mara da ke ƙaruwa maimakon raguwa, fitsari ya ƙi fita, ko yana fita da zafi, kumburin ciki da amai, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama.

Zazzaɓin bayan aiki kada a ce na sauro ne kawai a sayi ƙwaya a sha. Yana iya zama na sauro, yana iya zama ɗinki ne ya yi ruwa, gwaji ne zai raba. Kuma da yake rashin tsaro na shekarun nan ya sa tafiyar dare ta yi wuya a yankinmu, abin da aka gani da la'asar kada a bar shi ya kai isha'i. A ajiye lambar mai mota da kuɗin mai tun ranar da aka dawo gida.

Wa zai tsare rumfa?

Nan ne gizo ke saƙar. Ƴar kasuwa ba taurin kai ke mayar da ita bakin aiki ba. Tsoro ne: jari zai narke, masu saye za su koma wurin wata, zubin adashi ba ya jira. Likita zai ce ki huta, amma ba zai faɗa miki wanda zai ɗebo ruwa ba. Wannan lissafin namu ne, kuma kafin aiki ake yin sa, ba bayansa ba.

Wannan ba aikin gaggawa ba ne irin na mai naƙuda, ana iya zaɓar lokaci tare da likita. Mai sana'ar dankali ta duba bayan an gama kwashe amfanin lambu, mai noma ta kauce wa lokacin shuka da girbi. A tambayi kuɗin aiki, na gwaje-gwaje da na magani tun da wuri, a haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu, da na abincin mai jinya. A nemi kwasar adashi ta faɗo a watan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991 tare da ƙungiyar CARE, har dabarar ta bazu ƙasashe da dama, suna da asusun taimakon juna. In ana buɗe shi don suna da rasuwa, jinya irin wannan ma ta cancanta.

Rumfa kuma a damƙa ta ga ƴa, ko ƙanwa, ko maƙwabciyar kasuwa mai amana, a yi yarjejeniya a kan riba. Yau da salula a hannu, mace na kwance a ɗaki za ta iya yin ciniki da mai lambu, ta ji farashin Baleyara, ta tura yaro. Bayan mako uku ko huɗu, in jiki ya yarda, tana iya zuwa ta zauna ta karɓi kuɗi na ɗan lokaci, wani ya yi ɗauka da saukewa.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A ƙasar Nepal, inda mata ke ɗaukar itace da ciyawa a kan duwatsu kwanaki kaɗan bayan haihuwa, maganar ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a shekarar 2008 ta ɗora wa gwamnati alhakin magance ciwon. A shekarar 2014 kuma ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto tana cewa aikin likita kaɗai bai isa ba, muddin ba a sauke wa mata nauyin da ya jawo ciwon ba. A nan gida, an mayar da fiɗar haihuwa kyauta a shekarar 2005, awon ciki da tazarar haihuwa a 2006. Waɗannan su ne rigakafin ƴaƴanmu: haihuwa a gidan likita, tazarar aƙalla shekara biyu kafin wani ciki, da cikakken hutun jego.

Gaskiya guda da ba zan ɓoye ba: ko an kiyaye komai, ciwon kan dawo wa wasu bayan shekaru. In hakan ta faru ba laifin matar ba ne, kuma akwai abin da za a sake yi. Amma hutun arba'in shi ne rabon da ke hannunmu.

Mu mun riga mun iya wannan abu. Mace in ta haihu, uwa na zuwa, ko a kai ta gida wanka, maƙwabta su yi daka, ƴan mata su ɗebo ruwa, babu mai cewa ta cika son jiki. Abin da ya rage shi ne mu yi wa uwar da ta haifi tara irin abin da muke yi wa yarinyar da ta haifi ɗaya. Kuma ba sai ta tona asirinta ba. "An yi mini aiki, likita ya ce arba'in" ya isa. Wadda ta ji haka kada ta tambayi aikin mene ne, ta ɗauki bido kawai.

Karo na biyu da gwaggo ta kwanta, haka muka yi. Kishiyarta ta karɓi girki, ƴaƴan ƙanenta suka raba kwanakin rijiya, wata abokiyar kasuwarta ta riƙe mata masu saye. Yau ta koma Baleyara, tana zaune bisa kujera, yara na sauke mata buhu. Ranar nan na ji tana yi wa wata mai jego faɗa don ta gan ta da taɓarya kwana goma bayan suna.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.